Cakin da na buga da hannuna ya jinkirta jana'izar aminina

A shekarun da gwamnatin Birtaniya ta tsuke bakin aljihu, ni akanta ne a wani ƙaramin ofis a Salford, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. Iyalina suna Kano, ni kaɗai nake zaune a wani ɗan gidan haya a unguwar Ardwick da ke Manchester. Abin da ya haɗa ni da mutane shi ne asusun jana'iza na 'yan Arewa mazauna Manchester da Birmingham, wanda aka naɗa ni ma'ajinsa. Kowa yana zuba ɗan abin da ya samu duk wata, in an yi rasuwa a biya kuɗin kabari da na masu ɗaukar gawa, a binne mutum ba tare da jinkiri ba. Wanda ya tsaya mini aka ba ni wannan amana wani dattijo ne a Birmingham, tsohon direban bas, da nake kira Baba. Duk Lahadi sai ya bugo mini waya ya tambaya ko na ci abinci na gaske ko kuwa burodi da shayi ne kamar kullum. Ban da shi, wayata takan yi mako ba ta yi ƙara ba.

Da aka rufe ofishinmu aka sallame mu, ban faɗa wa kowa ba, har Baba. Kunya ta hana ni. Matsalar ita ce adireshin ofis na bai wa banki tun farko, can suke aiko da littafin cak na asusun. Da littafin ya ƙare, canza adireshi yana buƙatar sa hannun 'yan kwamiti, su kuwa dole su tambayi dalili. Ina zaune cikin wannan damuwa na ga a intanet yadda 'yan kasuwa a Amurka ke buga cak da kansu. Lambobin da ke ƙasan cak, ashe da tawada mai maganaɗisu ake buga su, da ita na'urar banki ke karanta su. Na ce ai wannan abu ne mai sauƙi. Na sayi firinta da takarda da tawadar, na kwaikwayi tsohon cak ɗinmu. Ban tsaya na bincika ba cewa a nan banki ba ya yarda kowa ya buga nasa. Cakin farko ya wuce, na biyu ma ya wuce, na riƙa yaba wa kaina ni kaɗai a ɗaki.

Daga baya tawadar ta ƙare, ga ta da tsada, ni kuma aljihu ya bushe. Na sa ta gama-gari, na duba da ido ban ga bambanci ba, baƙi dai baƙi ne. Na'urar banki ta kasa karanta cak ɗin, ma'aikaci ya ɗauka ya duba, ya ga ba takardarsu ba ce. Suka rufe asusun, suka ce sai sun gama bincike. Ko kwabo ban ci ba, Allah ne shaida, amma nan ma na yi shiru, ina ta zarya banki ina fatan a buɗe kafin wani ya ji.

Wata ranar Alhamis aka kira ni cewa Baba ya rasu. Ɗansa ya ce sun shirya komai, za a binne shi gobe bayan Juma'a, cak kawai suke jira daga wurina. A waya na faɗa masa gaskiya. Ya ce to, ya kashe wayar. Aka shiga karo-karo a masallaci, amma kafin kuɗin su haɗu ofishin maƙabarta ya tashi. Baba ya kwana a firjin gawa har Litinin.

Na hau jirgin ƙasa na je Birmingham, na tsaya a sahun baya. Babu wanda ya zage ni, da ma sun zage ni da na fi samun sauƙi. Da na shiga yi wa Hajiya matarsa ta'aziyya, ta amsa gaisuwata da kyau. Sannan ta ce a asibiti Baba ya gaya mata kada ta damu da maganar kabari, yaronsa na Manchester ne ke riƙe da kuɗin. Ta ƙara da cewa ya daɗe da sanin ba ni da aiki, wani ne ya gaya masa, amma ya ce a ƙyale ni har in faɗa da bakina, kada a ba ni kunya.

Banki ya buɗe asusun daga baya, na miƙa komai na sauka. Abin da na koya shi ne ɓoye halin da nake ciki bai kare mutuncina ba, kan wanda ya fi ƙaunata ne abin ya faɗa. Don Allah duk wanda aka ba amanar jama'a, kada ya yi wa banki dabara da abin da ya gani a intanet, kuma in ya shiga matsala ya buɗe baki tun da wuri. Har yau ranar Lahadi nakan ajiye wayar kusa da ni, sai in tuna babu mai bugowa.