Hayaƙi a Hawan Jengre

Shekara goma sha ɗaya Malam Uwaisu Jibrin ya yi yana fayaman, wato mai zuba kwal a wutar injin, a ƙaramin jirgin ƙasan da ke tashi daga Zariya ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama, ya kama hawan dutse a Jengre, ya sauka Jos. Jirgi ne siriri, faɗin dogonsa ƙafa biyu da rabi. Duk shekarun nan direba ɗaya ya yi wa aiki, Tsoho Abubakar, mutumin Tudun Wada ta Zariya, wanda bai taɓa ce masa sannu da aiki ba. A 1957 aka rufe layin, aka ciccire ƙarafan, ciyawa ta cinye wurin. Uwaisu ya koyi tuƙin mota. Wani ma'aikacin jakadanci ya zo da shi New York a 1961, da wa'adin maigidan ya cika ya koma gida, Uwaisu da matarsa Indo suka zauna.

Ya sami aikin kula da wani bene mai hawa biyar a Morrisania, cikin Bronx. Shara tasa ce, gyaran famfo nasa ne, haka kuma tukunyar ɗumama gida da ke ɗakin ƙasa. Kwal take ci. Ranar da ya fara buɗe bakinta ya ɗauki shebur, bai tsaya an nuna masa komai ba.

A 1965 ya ga ɗan injin jirgi a tagar wani kanti a Manhattan, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, yana zagaya dogo da ƙarfin lantarki. Ya saye shi. Ya goge masa fenti, ya ƙara masa tsawon bututun hayaƙi, ya yanka gwangwanin madara ya yi masa rumfa irin wadda suka sha rana a ƙarƙashinta. Mai kantin, wani dattijo mai kirki, ya ba shi shawara: a kan katako ake shimfiɗa dogon irin wannan jirgi, gunduwa-gunduwa, duwatsun kuma da takarda da farar ƙasa, don in tashi ya kama mutum ya ɗauki abinsa. Uwaisu ya yi godiya. A ransa kuwa ya ce wa ya taɓa ganin dutsen takarda.

Sai ya yi gini irin na gida. Wani abokinsa mai mota ya riƙa kai shi New Jersey, inda ake yanka sabuwar hanya, yana ciko buhuna da jar ƙasa. Ya yanko busasshiyar ciyawa a fili, ya cuɗa, ya taka da ƙafa, ya bar ta ta kwana huɗu ta ruɓa kamar yadda magina ke yi, sannan ya ɗora. A jikin bangon ɗakin ƙasa ya kafa ginin, daga daɓe har ƙirjin mutum, tsawon taku tara. Ga tashar Rahama da tankin ruwanta, ga gadar katako, ga rumbuna uku, ga hawan Jengre yana lanƙwasa a bayan dutse. Shekara goma yana yi. Ginin ya kama bango ya zama ɗaya da shi.

A watan Satumba na 1976 ya ari kyamara wurin Shitu, wani Bakano mai ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, ya ɗauki injin a kan gada, ya aika wa Tsoho. Amsa ta zo ranar ɗaya ga Nuwamba. Da can da ajami Tsoho ke rubuto masa da hannunsa. Wannan karon 'yarsa Ladi ce ta rubuta da boko, ta ce yanar ido ta rufe wa Baba ido ɗaya, ɗayan ma sai an kai shi rana yake gani, jikin kuma ya ƙi. Sannan ta sa maganar Baba yadda ya faɗe ta: "Na ga gada, na ga tanki. Amma injin nan a mace yake. Ina hayaƙi? Uwaisu, ka bar wuta ta mutu?"

A makon ne kuma aka liƙa takarda a ƙofar gidan. Mai gidan ya daina aiko kwal tun bara, ya daina ɗaukar waya, rufi yana yoyo, bene biyu a layin sun riga sun ƙone. Hukuma ta ce kowa ya fita kafin Juma'a, sha biyu ga wata. Ranar za a yanke wuta a toshe ƙofofi da bulo. Indo ta samar musu ɗaki a unguwar Parkchester, hawa na shida. Uwaisu ya sauka ɗakin ƙasa ya sa wuƙa a gindin tashar Rahama don ya ga ko za ta ɗagu. Kusurwarta ta ɓalle ta zama gari a hannunsa. Ya zauna a kan bokiti. Ginin ya riga ya tafi, wannan ya sani. Abin da ya rage masa hoto ɗaya ne, mai hayaƙi, kafin Juma'a, kafin idon Tsoho ya ƙarasa rufewa.

Hasken da ake bukata kuwa ba ya daɗewa. Akwai 'yar taga a saman bango, daidai da ƙafar masu wucewa, rana takan leƙo ta nan da ƙarfe biyu da rabi, ta kwanta a kan hawan Jengre minti ashirin, ta wuce. Shitu ya ce sai da hasken nan a baya hayaƙi zai fito a fim.

Ran Asabar suka gwada man da ake ɗigawa a bututun ƙananan injuna. Abin da ya fito bai kai tururin shayi ba.

"Ka sa auduga mana," in ji Shitu. "Duk masu wannan harka auduga suke ja su liƙa. A hoto wa zai gane?"

"Baba Direba zai gane."

"Mutumin da ido ɗaya ya rage masa? Ku Zage-zagi, wallahi taurin kanku ya fi wannan lakar."

"Da rabin ido ma zai gane. Ba zan aika masa auduga ba, Bakano. Ku kuka saba sayar da abu ba shi ba."

Ran Lahadi Shitu ya kawo siririn tiyon ƙarin ruwa daga wurin aiki. Uwaisu ya huda dutsen daga ƙasa, ya zura tiyon har cikin bututun injin. Shitu, wanda rabonsa da taba shekara tara, ya kunna sigari ya busa. Hayaƙin ya fito shuɗi-shuɗi ya watse, Shitu ya yi ta tari har da hawaye, yana cewa in ya mutu a rubuta cewa Bazazzagi ne ya kashe shi. Litinin hadari ya rufe gari. Talata aka wuni ana ruwa. Laraba rana ta fito tas, amma Shitu yana bakin aiki da kyamararsa a kabad, Uwaisu ya tsaya shi kaɗai yana kallon hasken ya hau dutsen, ya zauna, ya sauka. Bai iya cin tuwon yamma ba.

Da safiyar Alhamis Indo ta same shi a ƙasa. Maƙwabta suna ta sauko da katifu a matakala, shi kuwa yana goge dogo da tsumma.

"Malam, kayanka fa? Ko riga ɗaya ba ka naɗe ba."

"Zan naɗe."

"Yaushe? In sun sa bulo?" Ta dube shi, ta dubi dutsen. Ta juya ta hau sama, ta dawo da kaskonta da wata kwalba da ta naɗe da ɗankwali. Turaren wuta ne, haɗin Barno, wanda yayarta ta aiko mata shekara uku da suka wuce, take tsakura sai ranar Salla. "Wannan in ya kama, har maƙwabta sai sun yi magana. Ka ce hayaƙi kake so."

"Indo, shi ke nan gare ki fa."

"Na sani. Ni dai a gama, mu tafi da kai da ranka."

Ƙarfe biyu Shitu ya iso da kyamara da ƙafafunta uku, da fim mai hoto goma sha biyu. Uwaisu ya kunna lantarki ya sa jirgin ya zagaya sau ɗaya, daga Zariya har Jos. Sannan ya dawo da shi ya tsayar a tsakiyar hawan, daidai bakin tiyo. Indo ta durƙusa ta hura garwashi a kasko, aka kifa mazurari a kai, aka haɗa da tiyon. Biyu da rabi rana ta shigo.

Ta zuba turare kaɗan. Hayaƙi ya leƙo daga bututu, siriri. Uwaisu ya sa ido a kyamara ya danna, ya murza, ya danna.

"Bai isa ba. Ƙara."

Ta ƙara. Ya danna sau uku. Hasken ya fara zamewa daga tarago na baya.

"A hawa muke, Indo, a hawa ba a tsakure. Juye duka!"

Ta juye kwalbar. Hayaƙin ya yi tsalle daga bututun, fari, mai kauri, ya murɗe ya kwanta a bayan jirgin, rana ta ratsa shi. Sauran kuma ya ɓulɓulo ta gefen mazurari ya cika ɗakin. Shitu ya shaƙe, ya hau bokiti ya tura tagar. Uwaisu bai ma sani ba. Yana dannawa, yana cewa, "Ya hau, Baba, ya hau."

A hawa na biyu akwai wata tsohuwa 'yar Puerto Rico, wadda gobara ta riga ta kora daga gida biyu. Tana tsaye a bakin titi da akwatunanta ta ga hayaƙi yana tuɗaɗowa daga ɗakin ƙasa. Ta ruga ta ja ƙararrawar gobara da ke kwanar titi. A Bronx ta shekarar nan ba wanda zai ga laifinta, kuma 'yan kwana-kwana ba sa tsayawa tambaya. Uwaisu yana kan hoto na goma sha ɗaya ya ji jiniya, ya ɗauka ta wani layin ce. Sai gilashin taga ya tarwatse, bakin mesa ya shigo.

Ruwan ya daki hawan Jengre a tsakiya. Shitu ya yi waje yana ihu da Turanci cewa turare ne, turare ne kawai. Indo ta ja baya da kaskonta. Uwaisu ya fizge kyamarar daga ƙafafunta, ya cusa ta cikin rigarsa, ya juya wa ruwan baya ya duƙa. Minti biyu aka yi kafin a kashe. Da ya waiwaya, dutsen ya zube, gadar ta tafi, tashar Rahama tana narkewa a hankali, jan ruwa yana bin daɓe zuwa magudana. Wani ƙaton ɗan kwana-kwana ya sauko da fitila, ya shaƙi iska, ya dubi lakar da ta kai masa idon sawu. Ya sunkuya ya zaro ɗan injin daga ciki, ya goge shi a hannun rigarsa, ya miƙa wa Uwaisu. Ya ce ya yi haƙuri. Uwaisu ya ce ba komai, aikinsu suka yi.

Shitu ne ya wanke fim ɗin. Takwas hazo ne kawai, biyu sun yi rawa. Na tara ya fito. Injin yana tsakiyar lanƙwasa, hayaƙi ya tashi ya rufe rabin dutsen. Uwaisu ya daɗe yana dubawa, hankalinsa bai kwanta ba, don hayaƙin fari ne, shi kuwa a tunaninsa baƙi Tsoho zai nema. Amma babu dutsen da za a sake. Wani ɗalibi mai komawa Samaru ta Zariya ya tafi da hoton a aljihunsa.

Amsar ta zo Parkchester a tsakiyar Janairu. Ladi ta ce sun fitar da Baba tsakar gida da hantsi, ya kai hoton dab da idonsa, ya daɗe. Ga abin da ya ce a rubuta: "Hayaƙi fari, wuta ta ci kwal ɗinta sarai. Da haka kake yi mini tun can da ba mu riƙa makara a Jengre ba. Sannu da aiki."

Uwaisu ya karanta sau biyu, ya ninke ya sa a aljihun gaba. A sabon gidan ba shi da ɗakin ƙasa, ɗumi kuma ta bututu yake zuwa daga inda bai taɓa gani ba. Ya sami aikin gadi a wani sito, ya yi shekara shida a nan. Ɗan injin yana kan taga, da jar ƙasa a maƙale tsakanin ƙafafunsa. Indo ta sha cewa ya kawo ta wanke shi, yana cewa a bari tukuna.