Bin Sawun Maganin Kuraje Zuwa Dandin Mahe

Bodinga

Ban kwana da niyyar tafiya ba. Bayan sallar asuba ina neman allura a durowar 'yata Nafisa, sai na ci karo da kwalin maganinta na kurajen fuska. Ni na karɓo shi a Sakkwato, na san kati uku ne a ciki. Biyu na gani.

"Ina gudan?" na ce.

"Rukayya na aika ma, Inna, makon jiya. Kin ga yadda huskarta tal lalace."

Rukayya 'yar ƙanena ce, amarya, kafin azumi muka kai ta ɗakinta a Dandin Mahe. Likitan fata bai ba Nafisa wannan kafso ba sai da aka yi mata gwajin ciki, tana ta kumbure-kumbure wai ita budurwa ce. Ya ce idan mai ciki ta sha, yakan taɓa halittar jariri, kunne ko zuciya ko ƙwaƙwalwa. Matar aure kuwa sai ta tsare kanta daga ɗaukar ciki muddin tana sha, har wata guda bayan ta daina. Ya kuma ja mana kunne kada a ba kowa. Ashe ta bayan kunnen Nafisa maganar ta bi.

Wayar Rukayya a kashe, mijinta ya kai albasa kudu, tasa ba ta shiga. Na zari mayafi na fita, gari bai gama wayewa ba.

A hanya

A bakin titi na sami wata tsohuwar mota mai zuwa Shagari, bayanta cike da buhuna. Direban ya san ni.

"Malama, yau babu makaranta?"

"Akwai. Kai dai taka mota."

"Wagga tsohuwa? In na matsa mata sai ta yi hushi."

Sau biyu muka tsaya a shingen jami'an tsaro, sau ɗaya don a ba injin ruwa. Ni dai tunani nake yi. Mu mutane ne masu raba magani kamar goro: wanda ya ji daɗin wani abu sai ya miƙa wa ɗan'uwansa, a ce zumunci. Nafisa alheri ta nufa. Abin da ya fi damuna shi ne yadda zan yi tambayar. Cikin fari ba a tambayarsa, mai shi ma ba ta faɗa. Ni kaina sai da zane ya ƙi ɗauruwa mahaifiyata ta san da cikin Nafisa.

Shagari

Mun sauka da hantsi. Na sayi masa mai zafi, na kasa ci, na ƙulle ta a leda ta zama tsaraba. Ɗan kabu-kabu ya ɗauke ni, muka ratsa gonaki, ina riƙe da ƙarfen baya ina salati a kowane rami.

Dandin Mahe

Surukar Rukayya, Inna Kulu, ta tare ni da murna. Aka shimfiɗa tabarma, aka dama fura, aka gaida gida da yara da gajiya da mutanen Bodinga ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa jin gaisuwa ta yi mini tsawo irin ta ranar ba.

Da na samu na keɓe da Rukayya a ɗaki, na ga ta faɗa, idanunta sun zurma.

"Maganin da Nafisa ta aiko miki fa?"

Ta ɗaga murfin wata samira a cikin jerenta, ta miƙo mini katin. Na juya shi gaba da baya, na shafa kowane gurbi da yatsa. Ko ɗaya ba a ɓalle ba.

"Ban sha ba, Gwaggo."

"Don mi?"

Ta sunkuyar da kai tana jan bakin tabarma. Inna Kulu ce ta amsa daga bakin ƙofa.

"Kwanan ga ko warin daddawa ba ta so, ko ruwa tas sha sai sun dawo. Ni nac ce ta aje shi, in zuciyarta ta kwanta ta hwara, huskar ta washe kahin mai gidanta ya dawo."

Na faɗa musu abin da likita ya ce, ban rage komai ba. Inna Kulu ta zauna daɓas a ƙasa, ta daɗe tana kallon katin.

"Wanga ɗan abu?" ta ce. "Tahi da shi, Malama. Gobe ni da kaina za ni kai ta awo Shagari."

Har na bar gidan babu wadda ta kira sunan abin da Rukayya take ɗauke da shi. Ta rako ni zaure, tana riƙe da hannuna.

Komawa

Na iso Bodinga ana kiran la'asar, ƙafafuna sun kumbura. Nafisa na zaune a ƙofar ɗaki, ko girki ba ta ɗora ba. Na ajiye katin a cinyarta, ta duba, ta fashe da kuka. Na bar ta ta yi mai isarta, sannan na karɓe kwalin gaba ɗaya na kulle a akwatina.

Na gode wa direba da tsohuwar motarsa, na gode wa Inna Kulu. Na haifi biyar, kowanne na sha laulayi ina mita. Sai a ranar na ɗaga hannu na gode wa Allah saboda amai.