Delbert da Mahaucin Siberiya

Ƙanena Delbert Tidwell ba ya bari mutum ya ƙarasa magana. Tun yana yaro haka yake, bai kuma taɓa jin kunyar abin ba. In ka yi masa ƙorafi sai ya ce ai ya riga ya san inda ka dosa, me zai sa ya tsaya jiranka. A kan komai yana yi, amma a kan kokawar talabijin abin ya fi muni, don a ganinsa duk jihar Tennessee babu mai ido sai shi.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana yanka fata a masana'antar takalma ta garinmu, ban taɓa jin ya ce uffan game da takalmi ba. Amma kowace Asabar da hantsi yana gaban talabijin, kuma tun ranar da ya sayi bidiyo bai bar shirin kokawa ko ɗaya ya wuce bai ɗauka ba. Kaset ɗari shida da 'yan kai, kowanne da kwanan wata da hukuncin da ya yanke masa a rubuce a gefe: "Na ƙwarai." "Shirme." "Alƙalin wasa makaho ne." Matarsa Jolene har ta rasu a ƙarƙashin gado take ajiye tangaran ɗinta, saboda kasakasai sun cinye kabad.

Ra'ayoyinsa kuwa na haddace su ba da son raina ba. Na yanzu ba 'yan kokawa ba ne, 'yan tsalle-tsalle ne masu shafa mai. Wasa mai kyau ba a gane shi da wanda ya yi nasara, sai da yawan tsofaffin matan da suka nemi haura igiya su rufe mugun da jaka. Hirar da ake yi kafin wasa ta fi wasan kansa. Kuma a cikin hirarraki babu kamar ta 1978, ranar da wani ƙato, wai ɗan Rasha, mai suna Mahaucin Siberiya ya fizge makirfo, ya yi minti huɗu yana zagin mutanen Tennessee, sannan ya fasa wa gwaninmu Cotton Ledbetter kai da ƙararrawar saniya. Delbert ya tsani mutumin nan tsana ta gaske, kuma kowane wata sai ya sake kallon kaset ɗin.

Kada a ɗauka wawa ne. Ya san tun a ɗakin sauya kaya ake shirya wanda zai ci. Amma 'yan kokawar wancan zamani suna da wata doka da suke kira kefeb: ba a faɗin wannan sirri a gaban ɗan kallo. Mugun fage mugu ne ko a kanti ka gamu da shi yana sayen madara. Delbert ya riƙe dokar nan fiye da yadda ya riƙe dokoki goma na coci. Duk wanda ya ce masa "ai ƙarya ce" ya ja wa kansa. A kan haka mai aski ya hana shi shiga shagonsa. A kan haka kuma gidan kula da tsofaffi na farko ya sallame shi, bayan ya watsa wa wani tsohon ma'aikacin gidan waya kofin shayi a fuska.

Da ƙyar na samo masa gida na biyu, kuma shi ne na ƙarshe a gundumarmu. Shugabar gidan, Misis Gaines, ta faɗa mini tun ranar farko cewa ta ga takardarsa, faɗa ɗaya kawai zai yi in zo in kwashi kayana. Shekarata tamanin da ɗaya a lokacin, ɗakin kwanana ɗaya, ƙuguna na ƙarfe ne. In aka koro Delbert, a falona zai sauka, shi da keken guragunsa da kaset ɗari shida.

Wata biyu aka yi lafiya. Ran nan, wata Alhamis, na kai masa soyayyar tarwaɗa da burodin masara, sai na tarar an kawo masa abokin ɗaki. Wani tsoho ne da jiki ya zube masa, yana zaune a bakin gado yana kallon silifas ɗinsa. Sunan da ke jikin ƙofa Harlan Suggs. Ma'aikaciyar jinya ta raɗa mini cewa ba ya magana, abinci ma sai an yi da gaske. Goshinsa duk tabo ne, layi-layi kamar gonar da aka yi wa huɗa, kunnuwansa kuma sun dunƙule.

Delbert ya daɗe yana kallon goshin nan. Can ya ajiye cokali.

"Yaya, kin san wane ne wannan?"

"Sunansa na jikin ƙofa. Ci kifinka."

"Mahaucin Siberiya ne!"

Tsohon ya ɗago kai, ya yi ɗan murmushi, ya miƙo hannu. Muryarsa a sanyaye, irin ta mutanen Arkansas. "Yallaɓai, an daɗe ba a kira ni haka ba. Ni fa ko taswirar Siberiya ban sani ba, a gonar aladu aka haife ni. Cotton kuwa aminina ne, ni na yi masa abokin..."

Delbert ya toshe kunnuwansa da yatsu. "Rufe mini baki! Ba ka da kunya? A gaban ɗan kallo?"

Na ba mutumin haƙuri, na raba kifin biyu, na tafi gida ina jin abin da ke tafe.

Kwana tara aka yi waya ta buga. A ofis Misis Gaines ta sa tabarau ta karanta mini abin da ma'aikata suka jiyo daga ɗakin, kamar mai karanta sunayen magunguna. "Karen Rasha. Matsoraci mai ƙararrawa. Jakin dusar ƙanƙara." Ta juya shafi. An kuma yi jifa da kofin roba. Matar ɗakin da ke kusa ta kira ɗanta tana kuka, wai za a yi kisa.

"Mista Suggs ba shi da kowa, kuma ba shi da ƙarfin kare kansa," in ji ta. "Ranar Juma'a ki zo da mota."

Na nufi ɗakin da sandata, kuma ba don in dogara kawai na riƙe ta ba. Misis Gaines tana biye da ni. Tun daga baranda muke jin ihu. Na tura ƙofa. Talabijin na nuna hirar 1978, an kashe murya. Mutumin da ba ya magana yana tsaye, hannu ɗaya a kan ƙarfen da yake dogarawa, ɗayan riƙe da cokali a bakinsa kamar makirfo, yana karya harshe irin na Rashawan ƙarya.

"Mutanen Tennessee! Alfadarina ya fi gwamnanku ilimi! Matanku kuwa..."

"Ka cika sauri!" Delbert ya katse shi yana dukan hannun kekensa. "A saba'in da takwas sai da ka tsaya ka tofar da yawu kafin ka zo kan mata. Tsufa ya lalata ka, kare!"

"Ni zan koya wa hirata, ɗan yankan takalmi?"

"Sau ɗari huɗu na kalle ta, kai sau ɗaya ka yi ta!"

Farantin Harlan na kan tebur, an share shi tas. Misis Gaines ta gani, amma mace ce mai bin takarda. Ta matsa kusa da shi ta sassauta murya.

"Mista Suggs, ka faɗa mini gaskiya. Mutumin nan yana cutar da kai, ko wasa kuke yi?"

Kalma ɗaya nake nema daga bakinsa, falona ya tsira. Ya buɗe baki zai amsa, sai ɗan'uwana, wanda gadonsa ne ake magana a kai, ya nuna shi da yatsa.

"Kada ka kuskura."

Harlan ya dubi Delbert, ya dubi matar, ya banƙaro ƙirjin da babu. "Wasa? Da wannan aladen? Na tsane shi! Ku ba ni ƙararrawa!"

"Ka ji maza!" in ji Delbert, har da tafi.

Misis Gaines ta fara rubutu. Ni kuwa na tsaya ina duban tsofaffin banza biyu, ɗaya zai rasa wurin kwana, ɗayan zai koma kallon silifas, duk a kan dokar da masu ita suka yar tun shekara talatin da suka wuce. Sai na tuna yadda dokar take. Ɗan kallo ake ɓoye wa, kuma ɗan kallo ɗaya ne a ɗakin. Na rataya sandata a jikin keken Delbert, na kama shi na tura waje.

"Yaya, ina za ki kai ni? Yaya Opal!"

Na kai shi ƙarshen baranda gaban tukunyar fulawa, na taka birki, na dawo na rufe ƙofa.

"To, babu ɗan kallo," na ce wa Harlan. "Ni ban taɓa sayen tikiti ba, ita kuma ba ta san bambancin ƙararrawa da kwano ba. Yi magana kamar ɗan Arkansas."

Ya zauna a bakin gado yana haki. Muryar nan mai sanyi ta dawo. "Ranki ya daɗe, ki bar mini shi. Shekara talatin da biyar rabon da wani ya yi mini ihu. Kowa sai 'sannu Baba, ka sha maganinka?' Wannan ya san ranar kowane wasa da na yi, har waɗanda na manta. Ba shi da ladabi, amma ya iya kallo."

Misis Gaines ta cire tabarau ta murza idanu. Ta ce awa ɗaya bayan abincin rana, ƙofa a rufe, babu jifa, kuma a daina ambaton mata. In aka ƙetare ɗaya, Juma'ar tana nan.

Da na je ɗauko Delbert, tambayarsa ɗaya. "Me ya ce?"

"Ya ce a kore ka."

"Ɗan halak," in ji shi, ya gyara zama. Bai gode mini ba, ban kuma sa rai ba.

Wata goma sha huɗu suka yi a haka. Sau biyu aka kira ni a kan jifa, sau ɗaya a kan mata. Da zuciyar Delbert ta fara gazawa, likita ya zo zai yi masa bayani, bai bari ya ƙarasa ba. Ya sa aka tura Harlan wurin aski, sannan ya tara mu: ni, Misis Gaines, da ma'aikatan jinya biyu. Na ɗauka zancen kasakasan zai yi.

"In na tafi, kada wanda ya tausaya wa karen nan," ya ce. "Bayan abincin rana wani ya shigo ya zage shi, da ƙarfi, ba irin zagin 'yan coci ba. Ku raba ranakun. Yaya, ke ki ɗauki Alhamis, bakinki ya fi na kowa."