Ranar da Muryar Marigayiya Ta Maƙale a Kwamfutata

A lokacin da wannan abu ya faru, ni matar aure ce a Matameye, sana'ata kuma sa kiɗa a bukukuwan mata. Ba da shiri na shiga ba. Yayana ne yake da kayan sono, wato na sauti, bafuloli masu fitar da kiɗa da mikro da wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka. Da ya sami aiki a Agadas sai ya bar su a ɗakin mahaifiyarmu. Dama tun yana nan nakan zauna kusa da shi ina kallon yadda yake aiki da manhajar haɗa waƙoƙi, wadda ke jera waƙa biyu gefe da gefe, kafin ɗaya ta ƙare ɗayar ta shigo ba tare da an ji tsaiko ba. Maigidana ya yarda in gwada, da sharaɗin taron mata kaɗai, kuma in dawo gida kafin magariba. Mata suka karɓe ni hannu bibbiyu, domin idan ni ce a kan kaya kowa na iya ajiye gyalenta ta taka yadda take so.

Kwamfutar yayana baƙa ce, mai kauri da nauyi, fankarta na gurnani kamar injin markaɗe. Ba ta taɓa ba ni kunya a wurin aiki ba, amma 'yan mata sun sa ta gaba da tsiya. In na ciro ta daga jaka sai wata ta ce ga dutsen niƙa ya iso. Ina dariya tare da su, amma abin yana ci mini rai. Wata rana na shiga mota zuwa Damagaram da niyyar in musanya ta.

Mai shagon da na shiga, mutum ne mai natsuwa, kuma tambayar da ya fara yi mini ita ce wane aiki zan yi da ita. A nan na yi kuskuren. Akwai maza zaune a shagon suna shan shayi, sai na ji nauyin in ce ni mai sa kiɗa ce a biki. Na ce masa kallon fim ne kawai da sauraron waƙa a gida. Ya ce in haka ne ba sai na ɗauki mai nauyi ba, ya ciro mini wata siririya mai ruwan azurfa, ba ta da fanka ko kaɗan, shiru kamar ba a kunna ta ba. Ya sa waƙa ɗaya muka ji a cikin sanyin shagonsa, ta yi daidai. Ya kwashe mini waƙoƙina ya zuba a sabuwar, na bar masa tsohuwar na fito ina jin kaina a sama.

Lokacin sanyi ne, don haka farkon amfani da ita ban ga matsala babba ba. Na dai lura in na ɗora waƙa ta biyu tana ɗan jinkiri, kuma in an daɗe ana kiɗa ƙasanta yakan yi zafi har in kasa ɗora ta a cinya. Na ce sabon abu ne, za ta saba.

Da bazara ta shigo, wata Hajiya daga Kance ta zo har gida. Ita ce ta riƙe 'yar ƙanwarta tun mahaifiyar yarinyar ta rasu, yanzu kuma za ta aurar da ita. Ta kwance bakin zanenta ta ciro wani ɗan katin ajiya na waya, ta ce a ciki akwai muryar marigayiyar tana yi wa yarinyar waƙa lokacin tana ƙarama, waƙar da ita kanta ta ƙirƙira don ta lallashe ta ta zauna a yi mata kitso. Amarya ba ta san an ajiye muryar ba. Hajiya tana so ranar wuni, idan amarya ta fito tsakar gida, in sassauta kiɗa in sa mata muryar uwarta, ta ji kamar uwar ma ta halarci bikin. Na saurara a gida, na ji muryar mace mai taushi tana cewa 'yata ki zo in yi miki kitso, ki fi kowa kyau. Na ce wa Hajiya ta kwantar da hankalinta.

Ranar wuni aka ja rumfar tamfol a tsakar gida, aka ajiye ni a gefen da rana ke bugawa, kan teburi mai shimfiɗar leda. Tun bayan azahar nake kiɗa, zafi kuwa har numfashi yana wuya. Kwamfutar ta yi zafi sosai, ta fara ɗan sarƙewa, amma ta ci gaba. Bayan la'asar ƙawaye suka fito da amarya, dangin ango suna zaune a gaba. Na sassauta kiɗa, na ɗora muryar. Gida ya yi tsit. Amarya ta tsaya cak ta dafe ƙirji, domin ta gane muryar tun kalmar farko. Sai kwamfutar ta daskare daidai kan kalma biyu, bafuloli suka shiga maimaitawa da ƙarfi: ki zo, ki zo, ki zo, ki zo. Na danna kowane maɓalli, babu wanda ya amsa. Na rasa wace waya zan cire, sai da na fizge ta gurup, injin da ke ba mu wuta, gaba ɗaya. Kafin nan amarya ta yi ƙara ta zube, aka ɗauke ta aka yi ɗaki da ita, mata suna ta salati.

Kafin in gama naɗe wayoyi magana ta riga ta canza. Wata tsohuwa daga dangin ango ta ce uwar ce take kiran 'yarta. Washegari a kasuwa har da masu cewa amarya ba za ta yi shekara ba. An kai ta ɗakinta, amma ta daina cin abinci, ba ta yarda a bar ta ita kaɗai. Malamin unguwarsu ya je ya yi mata nasiha cewa mamaci ba ya kiran kowa, ajali na hannun Allah, ta ce ta yarda, amma ba ta sake ba. Hajiya ba ta zage ni ba. Abin da ta ce kawai shi ne ta ba ni amanar abin da ya fi komai daraja a wurinta, kuma wannan ya fi mini zagi ciwo.

Na ga babu mai warware wannan sai ni. Na ɗauki kwamfutar da bafal ɗaya na tafi gidan amarya da tsakar rana, na roƙi uwar mijinta ta zauna tare da mu. Na ajiye kwamfutar inda zafi yake, na buɗe manhajar, na yi ta sa waƙoƙin biki na yau da kullum. Muka daɗe a zaune har uwar mijin ta fara gyangyaɗi. Can sai kwamfutar ta daskare a tsakiyar wata waƙar rawa, tana maimaita rabin kalma kamar mai in'ina. Uwar mijin ta yi dariya har da tafawa, ta ce ashe ƙarfe ne ya gaji, kuma ita ce ta bi dangi tana ba su labari har maganar ta mutu. Amarya ba ta yi dariya ba. Ta ce mini, "Yaya, na gane ba ita ba ce. Amma yanzu in na tuna muryarta, wannan nake ji." Ta fara cin abinci ta warware, sai dai ta aika wa Hajiya cewa a ɓoye katin, ba ta so ta sake ji.

Na koma wurin mai shagon na faɗa masa gaskiyar aikina. Ya ce da na faɗa tun farko da bai ba ni wannan ba, domin manhajar haɗa waƙa tana buƙatar ƙwaƙwalwa mai yawa da fanka mai fitar da zafi. Na ɗauki wata mai kauri, kuma ban biya ba sai da na wuni a ƙofar shagon ina kiɗa da ita a cikin zafi.

Shawarata ga duk mai son wannan sana'a, musamman 'yan'uwana mata, kada kunya ta sa ki ɓoye wa mai sayarwa aikin da za ki yi. Kada ki zaɓi kaya da ido, ki gwada da manhajarki, a zafin da za ki yi aiki a ciki, kuma ki daɗe kina gwadawa. In na'ura ta fara nuna alama, kada ki ce za ta saba. Kuma duk abin da aka ba ki wanda ba a maimaita shi, ki sa shi a waya daban ki haɗa ta a gefe. Yarinyar nan yau tana da 'ya'yanta, muna haɗuwa a bukukuwa ta gaishe ni da fara'a, amma kullum can nesa da bafuloli take neman wurin zama.