Tabarmin Baƙi

Daminata ta farko ni kaɗai a Zuru, warin danshi ya cika gidan da nake haya. Na duba ƙarƙashin gado, na shinshina bango, sai a bayan ƙofa na gano shi. Tabarmi uku ne da na saya domin baƙi, ba a taɓa warware su ba, duk sun yi fumfuna. Na wanke su, na shimfiɗa a ƙofar gida.

Can sai ga wani dattijo maƙwabcina, wanda bai taɓa zuwa wurina ba. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

"Malam, wa aka rasa?"

"Ba kowa, Baba. Shanya ce."

Ya yi hamdala, ya mayar da takalminsa. Na so in ce ya zauna, amma tabarmin ba su bushe ba.