Layin Biro a Wuyan Uwar Sama

Ko na tsufa na manta sunayen titunan Alƙahira, ranar da aka ja wa uwar sama layi a wuya ba za ta fita daga raina ba.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a lokacin, ina rubutu kan yadda masu zane na zamanin da can suke mayar da sama da kogi mata. Malamata, wata dattijuwar Bamisiriya, ta ara mini wani tsohon hoto da ta gada wajen mahaifinta, irin wanda ake sassaƙa a farantin tagulla, a shafa tawada, a danna kan takarda. Uwar sama ce a hoton, mace ta yi baka a kan duniya, yatsun hannu a yamma, na ƙafa a gabas, jikinta duk taurari. Mutanen da suna cewa kowace yamma takan haɗiye rana, da safe ta haife ta. Sai na ga kamar ni kaɗai na san irin gajiyarta.

Na bar hoton a tebur a gidanmu na unguwar Hay el-Sabi', zazzaɓi ya kwantar da ni. Da na tashi, sai ga layin shuɗin biro ya ratsa wuyanta.

Abokiyar zamana, wata mahaddaciya 'yar Damagaram, ta shigo da kunu tana murmushi.

"Yaya, na yanke mata kai. Yanzu ba mai rai ba ce, mala'iku za su shigo. Kin ga har kin samu sauƙi."

"Ba nawa ba ne," na ce. Ko ƙarfin faɗa ba ni da shi.

Na kai wa malama hoton. Ta daɗe tana kallon layin.

"Ma'alish, ba komai, 'yata," ta ce, ta mayar da shi cikin aljihun tebur ta kulle.

Ba ta tsawata mini ba, ba ta kuma ƙara ara mini komai ba. Da hoton waya na ƙarasa rubutun.

Na daɗe ina neman wanda zan ji haushi, ban samu ba. Yarinyar nan ita ta yi jinyata, layin ma don ni ta ja shi. Tun ranar na koyi cewa abin da nake kira alama, a idon wani gunki ne, kuma amanar da ban yi wa na kusa da ni bayaninta ba, ban gama adana ta ba.