Papa Makanga, Tsakanin Giwa da Teku

Kafin in hura wuta a ɗakin girki, Papa Makanga ya riga ya dawo daga bakin teku, ƙafafunsa duk yashi. Haka na san shi tun da na fara dafa wa baƙi abinci a masaukinmu na ƙauyen Sette Cama. Sai ya zauna kan kututture, in miƙa masa kofi da rogo, ya shiga ba ni labarin sawun da ya gani: ɓauna ta sauko bakin tafki, dorina ta shiga teku wanka, kada ya sauya wurin shan hantsi. Daga nan ya tara baƙin da zai zaga da su, ya kafa musu doka ɗaya: "Kome kuka gani, kada wanda ya gudu."

Bai taɓa rataya bindiga ba. Sanda ce kawai da gorar ruwa.

Akwai ranar da na bi su ɗauke da tukunyar abincin rana. Baƙin wasu mata da miji ne daga Libreville, babban birnin ƙasarmu, da mahaifiyar mijin, Maman Avomo, tsohuwar da ta rantse sai ta ga giwa a bakin teku kafin ta bar duniya. Muna tafe, daji a hagu, ruwa a dama, sai ga ɗan giwa ya ɓullo daga cikin ganye, ya sheƙa ta gabanmu ya nufi ruwa. Kafin mu ankara uwar ta fito, mu kuwa muna tsakaninta da ɗanta.

Ta baza kunnuwa, ta saki wata ƙara da na ji har cikin haƙorana. Mijin ya juya zai zura, Papa Makanga ya damƙe masa wuyan riga.

"Ɗana, in ka gudu, mahaifiyarka za ta tattake. Kama hannunta, ku ja baya a hankali."

Shi kuwa gaba ya yi. Giwa ta taho a guje, yashi na tashi. Ya ware hannuwa, ya yi mata magana da harshenmu na Lumbu, kamar mai ba maƙwabciya haƙuri: "Haba Mama, mu ne da laifi. Ga ɗanki can, ba wanda ya taɓa shi. Wucewa za mu yi."

Ta tsaya cak, har yashin da ta turo ya watsu a ƙirjinsa. Ta dube shi, ya dube ta. Can ɗan ya zagayo ya shige ƙarƙashinta, ta shafa shi da hanci, suka sauka cikin ruwa, igiyar teku na fashewa a jikinsu. Maman Avomo ta zauna daɓas a yashi, hawaye na zuba, ta ce kada wanda ya ɗaga ta sai ta ƙoshi da kallo.

Papa Makanga ya waiwayo ya ga tukunyata a kife. "Bouanga, kin ciyar da ƙasa. Mu kuma fa?"

Na ce, "Papa, kai ba ka jin tsoro ne?"

"Tsoro? Gwiwoyina sun fi naki rawa. Mutum huɗu ne a bayana, ina zan je?"

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, giwayen nan ba su bar gonar gidansa ba. Wata shekara suka cinye rogon matarsa, Maman Ibinga, tas. Ta tare shi a ƙofa: "Je ka yi wa surukanka godiya, sun gama mini girbi!" Samarin gari suka fara zancen nemo bindiga. Bai yi wa kowa wa'azi ba. Ya kwashe rani guda yana kewaye gonakin mutane da igiya mai barkono da gwangwanaye masu korar giwa, tasa gonar ce ta ƙarshe. Ɓarnar ta ragu, zancen bindiga ya mutu.

A wannan watan ya ajiye sanda, ƙafa ta gaji. Maman Ibinga ta ce yanzu ta sami miji, sai dai in giwa ta aiko kiransa.

Papa Makanga, kai ne garkuwar baƙo. Kai ne ka shekara aru-aru kana ratsa mutane ta tsakiyar namun daji, ba ka taɓa dawowa da gawa ba, ta mutum ko ta dabba. Hotunan da ka sa aka ɗauka suna rataye a ɗakunan da ba za ka taɓa shiga ba, kuma babu fuskarka a ciki. Mu da muka gani da idonmu, mun gode.

Ku samarin da kuka karɓi aikin, ga shi nan zaune a gindin kwakwa, da ransa da lafiyarsa. Ku je ku zauna kusa da shi, ku koyi yadda mutum ke tsayawa alhali gwiwarsa na rawa.